Adireshi Haya Ne: Abin da Ke Gudana Tsakanin Sabar, Na'ura da Ɗan Aike a DHCP

Duk wanda ya taɓa riƙe netwok ɗin ofis, makaranta ko shagon intanet ya san wannan ƙorafin: "Oga, Wi-Fi ya kama amma ba ya buɗe komai." Sigina a cike, kalmar sirri daidai, data ba ta ƙare ba, amma shafi ya ƙi fitowa. In ka leƙa bayanan kwamfutar sai ka tarar adireshinta na IP, wato lambar da ake gane ta da ita a netwok, ya fara da 169.254. Wannan lamba ba wani ne ya ba ta ba. Ita ta zaɓar wa kanta bayan ta yi ta kira babu mai amsawa, kuma da irin wannan adireshi ba ta iya ƙetare rauta, na'urar da ke haɗa netwok da waje. Kiran kamfanin intanet a wannan hali ɓarnar kati ce kawai. Matsalar tana cikin gida, tsakanin na'urar da ke neman adireshi, da sabar (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) da ke rabawa, da ɗan aiken da ke kai saƙo tsakaninsu idan ba a yanki ɗaya suke ba.

Tsarin da ke wannan rabo shi ake kira DHCP, kuma ya kwana biyu a duniya. Kafin zuwansa da hannu ake rubuta wa kowace kwamfuta adireshinta. A 1985 aka fito da BOOTP, wanda ya ba kwamfuta damar tambayar adireshinta lokacin da ta tashi, sai dai dole mai kula da netwok ya riga ya shigar da lambar kowace na'ura tare da adireshin da ya ware mata, kuma abin da aka ba ta ya zama nata ke nan. DHCP ya bayyana a 1993, sannan a watan Maris na 1997 aka fitar da RFC 2131 wadda Ralph Droms ya rubuta, ita ce takardar ƙa'idar da ake bi har yau. Sabon abin da tsarin ya zo da shi shi ne wa'adi: a ba na'ura adireshi na wani lokaci, in lokacin ya cika ba ta sabunta ba a karɓe a ba wata. Sauran kayan aikin kuwa, mashigai (ƙofofi masu lamba da saƙo ke bi) da fasalin saƙo da dabarar ɗan aike, gadonsu ya yi daga BOOTP.

A ƙaramar rautar gida DHCP ɗan akwati ne da ake dannawa sau ɗaya a manta, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka babu abin koyo a cikinsa. Sai netwok ya wuce ɗaki ɗaya ake gane ba haka ba ne. Babu ɗaya cikin ukun nan da ke ganin dukan hanya. Na'ura ba ta san inda sabar take ba. Sabar ba ta ganin inda na'ura take zaune, abin da ke rubuce a saƙo kaɗai take gani. Ɗan aike kuwa miƙawa ce aikinsa, ba shi ke yanke wa zai samu me ba. Saboda haka kana iya duba saitin kowannensu ka ga babu kuskure, aiki kuma ya ƙi. A ganina yawancin ciwon kan DHCP a mahaɗa yake, inda aikin wannan ya ƙare na wancan ya fara, kuma wanda bai san yadda saƙon ke tafiya ba zai yi ta kashe rauta yana kunnawa har magariba.

Na'urar da ta shigo ba ta da adireshi, ba ta kuma san na kowa ba, don haka shela take yi. Saƙonta na farko, DISCOVER, yana fita da 0.0.0.0 a gurbin mai aikawa da 255.255.255.255 a gurbin mai karɓa, wato kowa a yankin ya ji. Daga mashiga ta 68 ta UDP, ɗaya daga hanyoyin aika saƙo a netwok, yake tashi zuwa ta 67. A cikinsa akwai lambar MAC ta na'urar, wato lambar shaidar katin netwok ɗinta, da jerin abubuwan da take so a gaya mata. Sabar da ta ji sai ta mayar da OFFER: ga adireshi kaza na tsawon lokaci kaza. Na'ura ta amsa da REQUEST, sabar ta rufe ciniki da ACK. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, REQUEST ɗin nan ma shela ce, duk da cewa na'ura ta riga ta san wadda ta yi mata tayi. Da gangan aka tsara haka. In sabar biyu ko uku suka yi tayi, na'ura tana ambata wadda ta zaɓa a cikin saƙon, sauran su ji su janye nasu. Tun asali, ke nan, an yarda sabar za ta iya fin ɗaya, kuma galibi na'ura tayin da ya fara isowa take karɓa ba tare da tambayar daga wa ya fito ba. An rubuta ƙa'idar tantancewa a 2001, RFC 3118, amma kusan babu mai aiki da ita. Za mu ga abin da wannan ke haifarwa a gaba.

Bayan ACK, na'ura mai ladabi takan yi tambaya ta ARP, wato shelar neman mai wani adireshi a yankin, ko akwai mai riƙe da wannan adireshi. In wani ya amsa sai ta aika DECLINE ta koma farko. In babu, ta fara aiki, agogo kuma ya fara lissafi. Da rabin wa'adi ya wuce za ta nemi sabuntawa, wannan karon kai tsaye zuwa ga sabar da ta ba ta, babu shela. In shiru ya ci gaba har kashi 87.5 cikin ɗari na wa'adin ya tafi, sai ta koma shela, tana neman kowace sabar da za ta iya tsawaita mata. Wa'adi ya cika babu amsa, dole ta saki adireshin.

Sabar dai kamar mai gidajen haya ce da ke riƙe da littafi: ɗaki kaza na hannun wane har ranar kaza. Illar ita ce 'yan hayar nan ba sa sallama. Akwai saƙon RELEASE da na'ura ke iya aikawa in za ta tafi, amma wayar da mai ita ya sa a aljihu ya hau babur ba ta aika komai. A littafi ɗakin yana nan a kame har wa'adi ya cika.

A ce makaranta ce mai gine-gine uku. An raba netwok ɗinta yanki-yanki da VLAN, dabarar tsaga netwok ɗaya gida-gida ta saitin suwic (akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa): sabar tana 10.10.1.5 a ɗakin kwamfutoci, ma'aikata suna 10.10.10.0, ɗalibai suna 10.10.20.0, baƙi a babban zauren taro suna 10.10.30.0. Duk waɗannan daga adireshin cikin gida ne da RFC 1918 ta keɓe a 1996. A tsohuwar manhajar DHCP ta ƙungiyar ISC, wadda na fi son misali da ita saboda saitinta na karantuwa da sauƙi, yankin ɗalibai zai yi kama da haka:

subnet 10.10.20.0 netmask 255.255.255.0 {
  range 10.10.20.51 10.10.20.250;
  option routers 10.10.20.1;
  option domain-name-servers 10.10.1.5;
  default-lease-time 14400;
}

Layuka kaɗan ne, amma kowanne hukunci ne. An bar 1 zuwa 50 a waje domin rauta, suwic, firinta da kyamarori, waɗanda adireshinsu bai kamata ya riƙa sauyawa ba. Layin routers, wanda a cikin saƙo shi ne zaɓi na 3 (kowane irin bayani a saƙon yana da lambarsa), shi ke nuna ƙofar fita daga yankin. In aka yi kuskure a nan na'ura za ta samu adireshi lafiya lau, ta ga maƙwabtanta, amma ba za ta fita waje ba. Layin DNS, mai fassara sunan shafi zuwa lamba, zaɓi na 6, in ya lalace abin ya fi rikitarwa, domin ping, ɗan saƙon gwajin ko ana kai wa ga wata na'ura, zuwa lamba zai tafi amma sunan shafi ba zai buɗe ba, sai mutum ya rantse intanet ɗin ne ke wasa. A wannan manhaja akwai kuma kalmar authoritative da ake sawa a saman fayil. Idan babu ita, kwamfutar da ta zo daga gida tana neman tsohon adireshinta na 192.168.1 ba za a ce mata a'a da saƙon ƙi mai suna NAK ba, shiru za a yi mata, ta yi ta jira kafin ta haƙura ta nemi sabo.

Tsawon wa'adi shi ne inda na fi ganin an bar abin da kamfani ya sa ba tare da tunani ba. Windows Server yana zuwa da kwana 8, rautar Cisco da kwana 1, manhajar ISC da awa 12. Kwana 8 ya dace da ofishin da kwamfutoci ke kan tebur shekara da shekaru. A kai shi zauren taro a gani. Adireshi 200 ne a rumbu, wato jerin da sabar ke rabawa, a ce kullum sababbin wayoyi 120 ke shiga. Ranar farko an kama 120. Rana ta biyu, kafin azahar sauran 80 sun ƙare. Zauren na iya zama fayau da mutum goma kacal, amma na sha ɗaya ba zai samu adireshi ba, saboda littafi ya cika da sunayen waɗanda suka koma garuruwansu tun jiya. Wayoyin zamani sun ƙara wa abin nauyi. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, waya ba ta nuna ainihin lambar MAC ɗinta, takan ƙirƙiri wata daban ga kowane sunan Wi-Fi, wasu saitukan ma suna sauya ta lokaci-lokaci. Waya ɗaya da ta shiga sunayen Wi-Fi biyu da ke kan yanki guda ta cinye gurbi biyu ke nan. Maganin zauren baƙi shi ne wa'adin awa ɗaya ko biyu, a kuma faɗaɗa yankin. Wanda aka yanka da 255.255.252.0 yana ɗaukar na'ura 1022 maimakon 254.

Sai dai kada a ce to a gajarta ko'ina. A wurin da wuta ke zuwa tana tafiya, dogon wa'adi garkuwa ne. Na'urar da ke riƙe da haya ta kwana uku ba ruwanta da sabar ta mutu na awa biyu, za ta ci gaba da aikinta. Wadda aka ba minti goma kuwa, sabar na faɗuwa ita ma ta bi bayanta kafin a tayar da janareto. Ga kuma abin da ke faruwa in an dawo da wuta: suwic da na'urorin Wi-Fi sun tashi da wuri, wayoyi sun fara shela, ita kuwa babbar sabar tana can tana lissafin kanta na mintuna. Waɗanda hayarsu ba ta ƙare ba sukan ci gaba da tsohon adireshinsu. Sababbi da waɗanda tasu ta ƙare su ne ke faɗawa 169.254, su jira zagaye na gaba. Shi ya sa na fi ganin hikimar a ba kwamfutocin tebur da ke haɗe da wayar kebul dogon wa'adi, a ba baƙi gajere, sannan duk abin da ke rabon adireshi a ɗora shi kan inbata ko batir tare da babban suwic, ko da sauran kayan za su mutu.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba: ina littafin yake ajiye? Sabar ta gaske tana rubuta shi a faifai. Ƙananan rautoci da yawa a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke riƙe shi, wuta na ɗaukewa ya goge. Rauta ta tashi da littafi fari fat, alhali kwamfutocin hannu masu batir suna nan riƙe da adireshinsu na ɗazu. Sai ta ɗauki wanda ke hannun wani ta miƙa wa sabon zuwa. Akwai kariya, domin sabar da yawa sukan yi ping kafin tayi, na'ura ma takan yi tambayar ARP. Amma kwamfutar da ke barci ba ta amsa ko ɗaya, sai ta farka rikici ya tashi.

Firinta da makamantanta hanya biyu ce: ko a rubuta mata adireshi da hannu a jikinta, ko a keɓe mata a sabar ta lambar MAC. Na fi son keɓewa, domin ranar da aka sauya DNS ko ƙofar fita wuri ɗaya za a gyara, ba sai an bi ofis-ofis ana latsa maɓallan firinta ba. Banda sabar kanta da rauta da babban suwic. Waɗannan da hannu ake sa musu, don kada mai rabo ya tsaya jiran a raba masa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Shela ba ta ƙetare rauta, kuma dalilin raba netwok yanki-yanki ke nan tun farko. To ɗalibin da ke 10.10.20.0 yaya shelarsa za ta kai ga sabar da ke 10.10.1.5? Ko dai a dasa sabar a kowane yanki, ko a sa ɗan aike, wanda masu sana'ar ke kira relay. Galibi rautar ce da kanta ko suwic mai iya aikin rauta. A Cisco layi ɗaya ne:

interface Vlan20
 ip address 10.10.20.1 255.255.255.0
 ip helper-address 10.10.1.5

A lura da inda aka sa layin: a fuskar da ke kallon ɗalibai, inda ake jin shelar, ba a fuskar da ke kallon sabar ba. Masu koyo da yawa suna juya shi. Kuma kowane yanki sai an sa masa nasa.

Aikin ɗan aike ya wuce miƙawa kawai. Kafin ya tura saƙon, yakan rubuta adireshin fuskar da ya ji shelar, wato 10.10.20.1, a wani gurbi na saƙon mai suna giaddr. Wannan gurbi aiki biyu yake yi. Da shi sabar ke gane daga wane rumbu za ta ɗebo: ta ga 10.10.20.1, ta nemi yankin da wannan lamba ta faɗa ciki, ta yi tayi daga can. Kuma can ɗin take mayar da amsa, a mashiga ta 67, ɗan aike ya sauke wa na'ura. Daga nan kurakurai iri-iri ke fitowa. In ba a rubuta yankin 10.10.20.0 a sabar ba, saƙo zai iso ta yi watsi da shi. In an rubuta amma sabar ba ta da hanyar komawa 10.10.20.1, misali ƙofar fitarta na kallon wata rauta daban da ba ta san yankin ɗalibai ba, za ka ga a rajistarta tana ta yin OFFER, na'ura kuma tana ta maimaita DISCOVER, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ya yi shiru. In akwai NAT a tsakani, wato dabarar sauya adireshin saƙo a hanya, lambar da ke cikin giaddr na iya zama wadda ba a iya kai mata daga ɓangaren sabar. A MikroTik, rautocin Latbiya da masu ƙananan kamfanonin intanet da shaguna ke yawan amfani da su saboda sauƙin kuɗi, gurbin local-address na dhcp-relay shi ne wannan lamba, kuma in sabar ma MikroTik ce sai an rubuta mata ita a gurbin relay kafin ta kula saƙon. Manhajar ISC tana da nata sharaɗin: ko ba ta raba komai a yankin da take zaune, sai an ambaci yankin a fayil, ko da babu komai cikin bakan, in ba haka ba ta ƙi sauraro a wannan fuska.

Akwai wani lahani da ke iya ɓuya wata da watanni. Mun ce sabuntawar rabin wa'adi kai tsaye take tafiya daga na'ura zuwa sabar. Ba ta bi ta hannun ɗan aike a matsayinsa na ɗan aike, saƙo ne kamar kowane saƙo. Mai kula da tsaro ya zo ya gina katangar tsaro, wato firewall, tsakanin ɗalibai da yankin sabar, ya bar ƙofa ga rauta kaɗai. Sababbin na'urori suna samun adireshi, kowa ya ce aiki ya yi. A rabin wa'adi sabuntawa ta bugi katanga ta faɗi, na'ura ta yi ta maimaitawa a banza. Sai a kashi 87.5 ta koma shela, ɗan aike ya ji ya kai, a sabunta. Netwok yana tafiya, amma tazarar tsira da ya kamata ta zama rabin wa'adi ta koma kashi ɗaya cikin takwas. A wa'adin awa 4, maimakon na'ura ta jure mutuwar sabar ta aƙalla awa 2, wata minti 30 kaɗai ya rage mata. Ba za a sani ba sai ranar da sabar ta faɗi mutane suka fara zubewa da wuri. A buɗe UDP 67 daga yankunan na'urori zuwa sabar, ba daga rauta kaɗai ba.

A gefe guda, ip helper-address ba DHCP kaɗai yake kwasa ba. In ba a hana shi ba yana tura shelar TFTP, DNS, NetBIOS da wasu 'yan kaɗan zuwa wannan adireshi. Ba kullum yake cutarwa ba, amma gara a sani a rufe abin da ba a buƙata.

Mu koma kan batun tayin da ya fara isowa. Wani malami ya ga Wi-Fi ba ya kai wa ofishinsa, ya sayo ƙaramar rauta a kasuwa, ya soka wayar bango a ramin LAN maimakon WAN. Ba da mugun nufi ya yi ba. Amma rautarsa tana da nata DHCP a kunne, kuma ta fi kusa da mutanen ginin fiye da sabar da ke bayan ɗan aike, don haka tayinta ke riga isowa. Rabin ginin ya koma 192.168.0, ƙofar fitarsu kuma akwatin da ba ya kai ko'ina. Alamar wannan cuta ita ce rashin tabbas: wannan yana aiki, na kusa da shi ba ya yi, gobe su yi musaya. In mai mugun nufi ne, zai ba da kansa a matsayin ƙofar fita ko DNS, duk zirga-zirga ta bi ta hannunsa. A watan Mayun 2024 masu bincike na Leviathan Security suka nuna dabarar da suka kira TunnelVision, inda sabar ƙarya ke amfani da zaɓi na 121, mai raba hanyoyi, ta janye zirga-zirga daga cikin VPN, ɓoyayyar hanyar da ke kare saƙonni, mai shi bai sani ba. Android ya tsira saboda ba ya karɓar wannan zaɓi.

Maganin yana kan suwic, ana kiransa DHCP snooping. Ana nuna wa suwic ramukan da aka amince amsar sabar ta fito daga gare su, duk OFFER ko ACK da ya ɓullo ta wani rami daban a jefar. Suwic mai arha wanda ba a iya saita shi ba ya wannan aiki, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin ƙara kuɗi a sayi mai saiti. Amma shi ma yana da tarko. Suwic ɗin Cisco in an kunna masa snooping yakan liƙa zaɓi na 82 a saƙon, bayanin da ke nuna ta wane suwic da wane rami na'ura ta shigo, ya bar giaddr babu komai. Rautar Cisco da ke gaba, in ta ga zaɓi na 82 tare da giaddr sifili, sai ta ɗauka saƙon jabu ne ta yar. An kunna tsaro, ginin gaba ɗaya ya rasa adireshi. Ko a hana suwic liƙawa, ko a gaya wa rauta ta amince. Shi zaɓi na 82 ɗin, wanda RFC 3046 ta kawo a 2001, abu ne mai amfani a wurinsa. Da shi kamfanonin intanet ke ba da adireshi bisa layin da mutum yake kai, ko da ya sauya rautar gidansa.

Ɓangaren na'ura ba shi da yawan saiti, amma yana da nasa abubuwan mamaki. Sabar ba lallai da lambar MAC take gane na'ura ba. In na'ura ta aiko da shaidarta a zaɓi na 61, ita ake bi. Ubuntu na sabar, wani nau'in Linux, tun daga sigar 18.04, yana gina wannan shaida daga fayil ɗin machine-id. Wanda ya kwafi kwamfutar cikin manhaja (virtual machine) sau biyar bai sauya wannan fayil ba zai ga duk biyar an ba su adireshi ɗaya, alhali MAC ɗinsu daban-daban. Ko a sabunta machine-id, ko a sa dhcp-identifier: mac a netplan, wurin saitin netwok na Ubuntu. Sai ramin suwic da ke bin tsohon tsarin spanning tree, wanda ke riƙe sabuwar wayar kebul da aka soka daƙiƙa 30 kafin ya bar saƙo ya wuce. Kwamfuta mai saurin tashi takan yi shelarta ta gaji a cikin wannan lokaci, shi ya sa ake sa portfast, saitin da ke cire wannan jira, a ramukan da kwamfutoci ke kai. Sai kuma wanda wani mai gyara ya taɓa rubuta wa adireshi da hannu shekarun baya, lambar kuma ta faɗa tsakiyar rumbu. Sabar ba ta san da shi ba.

Sabar biyu sun fi ɗaya, muddin ba za su raba adireshi iri ɗaya kowace da littafinta ba. Tsohuwar dabara ita ce a tsaga rumbu, ɗaya ta riƙe kashi 80 ɗaya 20. Windows Server tun daga 2012 yana iya haɗa biyu su riƙa musayar littafi, Kea, sabuwar manhajar ISC, ma haka. A kan ɗan aike sai a rubuta adireshin duka biyun. Wanda zai gina sabo a Linux ya sani ISC ta daina kula da tsohuwar manhajarta a ƙarshen 2022 ta koma kan Kea, mai saiti da JSON. Ƙaramin wuri kuwa 'yar manhajar dnsmasq ta wadatar.

IPv6, sabon tsarin adireshi, wani gari ne daban, kada a shiga da taswirar IPv4 da muka yi ta magana a kai. DHCPv6 yana amfani da mashigai 546 da 547, kuma ba ya ba da ƙofar fita sam, sanarwar rauta ce ke yin wannan. Na'ura na iya haɗa adireshinta da kanta daga wannan sanarwa, kuma shekara da shekaru Android ba ya karɓar adireshi ɗaiɗai ta DHCPv6, don haka wanda ya dogara da shi kaɗai zai bar wayoyi a waje.

In abu ya lalace, gajeriyar hanya ita ce a saurari zancen da kunne maimakon zato. A kan sabar Linux, tcpdump -ni eth0 port 67 or port 68 zai nuna komai, a Windows kuma manhajar Wireshark. A sa na'ura ta sake nema da ipconfig /release sannan ipconfig /renew, a zuba ido a ga wanne cikin saƙonni huɗun ya ɓace. DISCOVER bai iso ba: a duba VLAN ɗin ramin, da snooping, da ɗan aike. Ya iso babu OFFER: a karanta giaddr a gwada da yankunan da ke rubuce, sannan a duba ko rumbu ya cika. OFFER na fita amma REQUEST ba ya dawowa: hanyar komawa ce ta toshe, ko kuwa wani ya riga ka tayi. A nan sai a je kan na'urar a buga ipconfig /all a karanta layin DHCP Server. In lambar da ke wurin ba 10.10.1.5 ba ce, a nemo lambar MAC ɗinta da arp -a, a bi ta a teburin suwic har zuwa ramin da aka soka ta, a rufe ramin, sannan a je a yi magana da mai ofishin.